Wa ya ba su ikon ɗauke min allon shago?

Mai Ɗinki: Jama'a ku taya ni jin wannan zalunci. Jiya da safe wasu mutane suka zo da mota suka sace min allon shagona da ke bakin titi, wai ba ni da izini, kuma wai yana tare wa masu mota gani a kwana. Allon da na biya mai walda ya yi masa ƙafafun ƙarfe! Ku je ku ga yadda fastocin 'yan siyasa ke lulluɓe gadoji da turakun fitilun titi a Kano duk lokacin zaɓe, ba mai cewa uffan. Sai mu masu neman na abinci ake gani.

Direban Adaidaita: Malam, ka ji tsoron Allah. Sace fa ka ce. Ɓarawo ne zai zo da rana tsaka har ya tsaya yana gaya maka dalili?

Mai Ɗinki: Wanda ya ɗauki kayanka ba da yardarka ba, ba takardar gargaɗi, ba rasit, mene ne sunansa?

Hajiya Mai Atamfa: Sata a ɓoye ake yin ta, ɗana. Wannan ƙwace ne, kuma ƙwace ya fi ciwo, don kana kallo ba yadda za ka yi.

Ɗalibin Lauya: Yaya, kafin a kai ga sata ko ƙwace, a duba hurumi. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kula da allunan talla na waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma jihohi sun shiga harkar. Legas ta kafa hukumar kula da allunan talla ta LASAA tun 2006, Abuja ma tana da sashenta na allunan talla. Daga nan ne ake samun ɗan kasuwa ya biya ƙaramar hukuma, gobe wasu su zo da sunan jiha su ce takardarsa ba ta aiki. Ka tambaye su daga ina suke? Wa ka taɓa biya?

Ustaz: A fiƙihu ba a yanke hukuncin sata sai an ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa. Bakin titi ba ma'ajiyar kowa ba ce, hanyar jama'a ce. Kuma ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. A kiyaye harshe.

Hajiya Mai Atamfa: Allah gafarta Malam, yanzu allon tela ne ya zama abin cutarwa?

Direban Adaidaita: Wallahi Hajiya ya zama. Ku ba kwa tuƙi. Ka fito daga lungu, allo ya tsaya maka a ido, sai ka turo kan mashin cikin titi kafin ka ga mai zuwa. Da daddare kuma masu hasken nan su kashe maka ido.

Ɗan Kwari: Kai ne za ka yi mana wa'azin tsaron titi? Ku da kuke cin burki a tsakiyar hanya don fasinja ɗaya?

Direban Adaidaita: Ku kuma da kuka cinye gefen titi da diloli fa? Mai tafiya a ƙasa ina zai bi?

Ɗan Kwari: Da wannan hujjar ta "yana tare gani" aka rushe shataletalen gidan gwamnati a watan Yuni na 2023. Abin da aka gina don cikar jihar Kano shekara 50, aka wayi gari babu shi. In ana son rushe abu ba a rasa dalili.

Mai Jar Hula: Ai dama na san nan za ka. Shataletalen nan tsayinsa ya yi yawa, mai zagayawa ba ya hango na gabansa. Filayen makarantu da na idi da aka yanka aka yi shaguna a baya, me ya sa ba ka kira wannan sata ba?

Ɗan Kwari: Kawo takarda.

Mai Jar Hula: Duk Kano ta gani, wace takarda kuma?

Ɗalibin Lauya: Don Allah har yanzu ba a amsa min ba. Yaya Mai Ɗinki, kana da izini ko babu?

Mai Ɗinki: Maƙwabtana ma ba su da shi.

Baba Tsohon Direba: To ya isa haka, bari in tattara. Na ɗaya, kowa ya yarda ba sata aka yi ba, Malam ya kawo hujja daga addini, ɗanmu ɗalibi ya kawo daga doka. Na biyu, an tabbatar allon yana tare gani, don wanda ke kan titi kullum ya shaida, kuma mu da muka tsufa a kan sitiyari mun san haka. Mai Ɗinki ya je ya nemi izini, ya manna sabon allo a jikin bangon shagonsa. Maganar shataletale ba ta cikin abin da ya tara mu, duk da dai gaskiya tsayinsa ya yi yawa.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, ni ban yarda cewa ba a yi laifi ba. Cewa na yi ƙwace ne, kuma cikinku ba wanda ya ga allon nan da idonsa.