Na ƙara wa jirgin rimot batir, ya koma rawa yana kifewa

Ɗan Bakin Tafki:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da jirgin ruwa na rimot, irin mai ƙasa kamar harafin V, tsawonsa santimita 90. Shekara guda ina tuƙa shi da batir 4S, wato mai sel huɗu a jere, bolt 14.8, lafiya lau. Makon jiya zumuɗi ya ɗebe ni na koma 6S, mai sel shida, bolt 22.2. Gudu kam ya samu, sai dai da na danna wuta har ƙarshe yake fara rawa, dama hagu, dama hagu, kafin in saki yatsa ya kife. Sau uku ke nan. A na ukun sai da na ba wani masunci na goro ya ɗauko mini shi a kwale-kwale, yana ta yi mini dariya. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka kwance ko noti ɗaya, auna inda nauyin jirgin yake. Ni ma da na canza batir haka ya yi mini, na ɓata wata biyu ina zargin injin, ashe sabbin batiran sun fi tsofaffin tsawo, na tura su baya don su shiga, nauyi ya koma gindi. Saka komai a ciki kamar za ka ruwa, ka ɗora jirgin a kan mariƙin tsintsiya ko guntun fayif, ka riƙa matsar da shi har ya tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba. Wajen kashi 30 cikin 100 na tsawonsa ake so, a auno daga baya. A naka, kusan santimita 27 ke nan. Idan ya gaza haka, da gudu ya ƙaru goshi zai ɗaga, ɗan siririn ƙirjin V kawai zai rage a ruwa, ka ga ya zama mai tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Baban Hanif:
Gaskiya Mai Walda ya faɗa, amma akwai saura. Ina zaune a Amurka, kuma shekara huɗu ke nan ina shiga tsere a wani kulob da ke bin dokokin IMPBA, wata ƙungiyar masu tseren jiragen ruwa na rimot. Wannan rawar kowa a nan ya san ta, kuma jirgi mai V mai zurfi ya fi kowa yin ta. Rabin laifin na farfela ne. In ka tsaya a bayan jirgi, farfelar tana juyawa saɓanin hannun agogo, saboda haka jikin jirgin yana murɗawa ɗaya ɓangaren, gefen dama ya nutse. Ruwa ya tunkuɗo shi, ya faɗa hagu, farfela ta sake mayar da shi dama. Rawar ke nan. Kai kuma ka ƙara bolt da rabi, ka bar farfelar da ke daidai da 4S.

Abin da ya warkar da nawa: na sauko daga farfela mai lamba X445 zuwa X442. A lissafin kamfanin Octura, lambobi biyu na ƙarshe faɗin farfela ne a milimita, wato daga 45 na dawo 42. Milimita uku kacal, amma jirgin ya zama wani daban, injin ma ya daina zafi. Sannan na wasa bakin farfelar, na daidaita nauyin fikafikanta, domin dakusasshiyar farfela ba ta yanka ruwa, tafiya take yi a kansa tana jan jirgin dama. Gargaɗi ɗaya: yawancin irin waɗannan farfeloli tagulla ce mai haɗin beriliyam, ƙurarta guba ce ga huhu. A jiƙe ake goge ta, da takunkumi a hanci.

Af, kuma a filinmu zagaye ɗaya kashi ɗaya cikin shida na mil ne, zagaye shida mil guda, kuma dama ake juyawa kullum. Shi ya sa wuƙar kwana, ɗan ƙarfen nan na gindi da ke riƙe jirgi a ruwa lokacin kwana, take gefen dama. In naka ba shi da ita, ko rawar ta tafi, kwana za ta kayar da kai.

Direban Katamaran:
Ku dai masu V kuna da sauƙi, aƙalla jirginku yana ba ku sanarwa. Nawa katamaran ne, iska ke bi ta tsakanin ƙafafunsa biyu tana ɗaga shi. Ranar da na fuskanci iskar hunturu da cikakkiyar wuta, goshi ya ɗaga, ya tashi sama ya yi alkafura ya faɗo da baya. Murfin ya tafi, har yau ban gan shi ba. Tun daga nan nake cusa soso mai hana nutsewa a goshi da cikin murfi, in bi bakin da salatif. Na kuma karkatar da mariƙin farfela ƙasa kaɗan, kamar digiri ɗaya, don ya danne goshin.

Oga Fanel:
Ni aikina gyaran jikin mota, shi ya sa idona ya fara zuwa ƙasan jirgi. Nawa ba rawa yake ba, tsalle yake kamar kifi, goshi sama goshi ƙasa. Na kife shi a kan benci, na ɗora rular ƙarfe a tsawon tafin hannu na ƙarshe kusa da gindi, na haska tocila ta baya. Sai ga haske yana fitowa. Ɓangaren hagu ya kumbura a tsakiya, na dama kuma ya ɗan loɓa. Kumburin shi ke jawo tsalle, loɓawar kuma danne goshi take, to ka ga gefe biyu kowa da inda ya nufa. Haka wasu ke fitowa daga masana'anta, wasu kuma rana ce ke lanƙwasa su in an bar su a but ɗin mota. Bodi fila na shafa, na naɗe sanfefa a jikin katako mai santsi na goge har rula ta kwanta ba haske. Kada ka goge da tafin hannu, rami za ka ƙara. Kuma bakin gindin ya zama mai kaifi, kada a dakushe shi don kyau, ruwa zai riƙa manne masa.

Mai Walda:
Oga, na yarda da rula, amma ba kowa ke da hannunka ba. Ai 'yan farantan nan biyu da ke manne a gindin jirgi, waɗanda ake ɗagawa ko saukewa da noti, don haka aka yi su, ya sauke na dama kaɗan, magana ta ƙare.

Baban Hanif:
A nan ne ban bi ka ba, Malam. Faranti birki ne. Na taɓa sauke su sosai, rawar ta tsaya, jirgin ya jiƙe da ruwa har goshi, na dawo na tarar da batir da zafi kamar an sauke daga murhu. Rabin juyi na noti, ba fiye ba, kuma shi ne na ƙarshe bayan nauyi da farfela. Sannan abu ɗaya ake canzawa a kowace fita, a rubuta a takarda.

Hajiyar Yara:
Ni na ɗana nake kai wa ruwa, yanzu kuma na fi shi ɗoki. Namu rawar daga sitiyari ta fito, sandar da ke jan wuƙar sitiyarin ta yi lako-lako. Kama ta da yatsa ka girgiza ka gani. Kuma ku bar tazara kamar kaurin igiyar ƙarfen da ke juya farfela, tsakanin mazaunin farfela da mariƙinta, don igiyar tana tsukewa in ta ɗauki nauyi. Mu ba mu bari ba, ta tsinke, farfela ta tafi ƙasan ruwa.

Ɗan Bakin Tafki:
Allah ya saka da alheri. Na auna jiya, nauyin yana santimita 22, nesa da 27. Na turo batiran gaba, na matso da su kusa da tsakiya. Hajiya, kin canka, sitiyarin ma yana girgiɗi, na ɗaure. Yau da safe ya yi zagaye biyar bai kife ba, sai 'yar rawa a ƙarshen wuta. Ban taɓa farantan ba. Na yi odar farfela 42, sai ta iso zan sake fita. Oga Fanel, rula ta nuna ɗan haske a gefen dama, wace lambar sanfefa zan fara da ita?