Abuja zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi don Allah?

Ɗan Unguwar Rogo:
Salamu alaikum jama'a. Zan raka Hajiyarmu Umara, daga nan Jos za mu taho a mota mu kwana a Lugbe saboda kusa da filin jirgi, to ita tana fama da ciwon gwiwa, dogon zama yana wahalar da ita sosai shi ya sa nake son sanin gaskiyar tafiyar. Ejan ɗinmu ya ce awa 5 da ɗan wani abu, ni kuma da na lissafa lokacin tashi da na sauka a jikin tikitin sai na ga ya wuce awa 7. Wa zan yarda da shi?

Baban Gwarinpa:
Wa alaikumus salam. Kai da ejan duk babu mai ƙarya. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti agogon can ne, cire 2 ɗin nan ka gani. Tsakanin Abuja da Jidda kusan kilomita 3,700 ne a miƙe, jirgi kuma yana cin wajen 850 a awa ɗaya, idan ka haɗa da hawa da sauka ka ga awa 5 ɗin ta fito. Sai dai hanyar miƙen ta kan Chadi da Sudan take bi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, don haka kar ka yi mamaki idan an ɗan ƙara.

Maman Biyu:
Ɗana ka duba da kyau tukuna, kai tsaye ne ko akwai tsayawa? Mu ta Addis Ababa muka bi, kusan awa 5 kafin mu isa can, muka yi ta zama a filin jirgi ga sanyi kamar Jos a watan Disamba, sannan wasu awa 2 da rabi zuwa Jidda, wallahi da na sauka ƙafata ba ta shiga takalmi. Ka nema wa Hajiya keken guragu tun yanzu a wajen kamfanin jirgin, kar ta ce wai kunya, kuma kujerar bakin hanya ba ta taga ba don ta riƙa miƙewa.

Almajirin Malam:
Kar lissafin awa ya mantar da kai harami. Idan Makka za ku fara wucewa to a sama za ku tsallake miƙati, ka ɗaura naka tun a Abuja kawai, banɗakin jirgi ba wurin canja kaya ba ne.

Ɗan Unguwar Rogo:
Na duba Mama, kai tsaye ne alhamdulillah. Maganar keken nan ce dai ban san ta inda zan fara mata ba 😅