Na ga abokin aikina yana zare wa Alhaji kaya, in faɗa ko in ja bakina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, shekarata 4 a wurin ubangidana, atamfa da shadda muke sayarwa. Mu uku ne: ni, da wani babba da nake ce wa Yaya, da ƙaramin yaro da aka kawo daga ƙauye bara. Yayan nan shi ya kawo ni wurin Alhaji, unguwarmu ɗaya, ko rasuwar mahaifina shi ya tsaya.

Ranar Laraba bayan la'asar na koma sito ɗauko cajata. Sai na tarar Yaya ya farke dila, ya zare turmi 3, ya cusa a buhu yana miƙa wa ɗan dako. Muka haɗa ido. Bai ce uffan ba, ni ma haka. Da za mu rufe ya zura mini dubu 5 a aljihu, wai kuɗin adaidaita. Suna nan ƙarƙashin katifata, ko taɓawa ban yi ba.

An daɗe lissafi ba ya cika, kuma Alhaji ƙaramin yaron nan yake zargi, har ya ce in an ƙirga kaya kafin azumi zai mayar da shi gida. Shi kuma Yaya saura wata 2 aurensa. Ya zan yi?

Ɗan Fagge: Malam ja bakinka. Baki shi ke yanka wuya. Alhazan nan gobe su shirya da yaronsu, kai a bar ka da sunan munafuki.

Maman Ihsan: Haba Ɗan Fagge, to shi yaron ƙauyen fa? Ƙanina, da babu wanda ake zargi da sai in ce ka yi masa nasiha ku rufa wa juna asiri. Amma ga ɗan mutane za a kora da tambarin sata. Kun san kasuwa, labari kafin magariba ya zaga layi, ba mai sake ɗaukarsa. Ka tuna uwarsa tana can tana jiran ranar da za a sallame shi da jari.

Malam na Gwale: Ɗana, mutane suna riƙe hadisin da ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi, kuma ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai malamai sun bambanta laifin da ya wuce tsakanin bawa da Ubangijinsa da ɓarnar da ke gudana a kan dukiyar wani. Naka na biyun ne. A Suratul Baƙara, aya ta 283, an hana ɓoye shaida. Annabi (SAW) kuma ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi, da aka tambaye shi ta yaya, ya ce ka hana shi zaluncin. Sanar da mai haƙƙi ba giba ba ce, Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, har da neman kawar da ɓarna. Amma Alhaji kaɗai za ka gaya wa, ban da majalisa, ban da abokai. Kuma abin da idonka ya gani kawai za ka faɗa: turmi 3, ranar Laraba. Kar ka ɗora masa asarar baya, ba ka gani ba.

Baba Tela: Shekarata sama da 30 ina shiga Kwari. Abin da ya fi tsaya mini shi ne dubu biyar ɗin nan. Yaro, an saye ka ne ba ka sani ba. Ranar da asiri ya tonu cewa zai yi tare kuke ci, kuma ba ka da bakin musu. Ka mayar masa gobe, ta taransifa, don shaidar ta zauna a wayarka. Sannan ka ce masa ya je da ƙafarsa ya samu Alhaji kafin Juma'a, in bai je ba kai za ka je. Na ga irin wannan sau da yawa, wanda ya kai kansa yakan tsira da a yanke masa biya kaɗan-kaɗan, ba a kai ga 'yan sanda ba. In kana tsoron fushin Alhaji, nemi dattijon layinku ya shiga tsakani.

Ummi Kurna: Kar dai ka tare shi a sito ku biyu. A masallaci bayan azahar, inda akwai idon mutane.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka, na tura masa kuɗinsa da safe, na rubuta masa cewa ina son ganinsa bayan azahar. Ya karanta bai amsa ba. Yanzu haka yana bakin shago yana auna wa wata hajiya shadda, ko kallona bai yi ba. Ƙaramin kuma an aike shi sayo mana shayi. Ku sa ni a addu'a.