Injina ya ƙi kai juyinsa, fici na farfela ne ko me?

Salam jama'a, don Allah masu sanin injin jirgin ruwa ku taimaka min, abin nan ya fi wata biyu yana damuna. Jirgina mai tafiya da iska ne, ƙafa 30, yana da ƙaramin injin dizal na taimako mai ƙarfin doki 27. A takarda ya kamata ya kai juyi 3600 a minti, amma in na saka giya na ba shi totur har ƙarshe baya wuce 2900, sai baƙin hayaƙi ya fara fita kuma zafi ya hau. In giya na firi kuwa yana kaiwa lafiya lau.

Na canza filtar mai, na wanke ƙasan jirgin tas na kankare farfelar, ba abin da ya canja. Farfelar mai fiffike uku ce, an buga 15x12 a jikinta, wato faɗi inci 15 fici (nisan da farfela ke ci gaba a juyi ɗaya) inci 12, giyabos ɗin kuma 2.6 ne, wato injin ya juya sau 2.6 farfela ta juya sau ɗaya. Ance rage inci ɗaya na fici yana ƙara juyi wajen 200, to kenan sai na rage inci uku ko sama? Wannan ne ke ban tsoro, kar in rage da yawa injin ya riƙa ihu jirgin ba ya gaba, musamman in iska da igiyar ruwa suna gabana wajen shiga tasha.

Shin in kai a lanƙwasa min fiffiken wannan farfelar ne ko inci uku yayi yawa sai sabuwa? Ko faɗin zan taɓa? Sannan taya zan tabbatar agogon juyin ma ba ƙarya yake min ba kafin in kashe kuɗi?