Allurar DNA ɗin kifi don gyaran fata: wa ta taɓa yi?

Tambaya: Salam 'yan'uwa. Tun haihuwata ta biyu fatar ƙasan idona ta yi duhu, ta yamutse. Likita ta ce in gwada allurar Rejuran, wai daga kifin salmon ake samo ta. Gabana ya faɗi. Ba za ta taɓa halittata ba?

Amsa: Kwantar da hankalinki. Gutsattsarin DNA ne da aka tace daga maniyyin kifin, yana zaburar da fata ta ƙara yin kolajin, wato furotin da ke sa fata ta yi ƙarfi ta miƙe. Ba ya canza DNA ɗinki, wato ƙwayoyin halittarki.

Amsa: Na yi sau 3, wata guda tsakani. Akwai zafi kam, fuskata duk tudu-tudu kamar cizon sauro, sai bayan kwana 2 ta baje. Fatar ta yi santsi, amma duhun bai tafi duka ba.

Amsa: In kina shayarwa, ko kifi na sa miki borin jini, faɗa wa likitar tukuna.