Idan dakarun kiyaye zaman lafiya suna aiki, me ya faru a Mali?

Ɗaliba daga Runjin Sambo:
Salamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma binciken kammala karatuna a kan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Na karanta aikin Virginia Page Fortna na 2008, inda ta nuna cewa in aka girke dakarun bayan yaƙin basasa, da wuya yaƙin ya sake tashi. To amma Mali fa? An kai MINUSMA, rundunar Majalisar a Mali, a 2013, gwamnatin soja ta ce su tattara a 2023, kuma har suka fita ba a daina kisa ba. Wanne zan kama?

Malami daga Arkilla:
Wa alaikumus salam. Duka biyun za ki kama, malama. Aikin kiyaye zaman lafiya a kan sharuɗɗa 3 ya tsayu: yardar masu rikici, rashin goyon bayan kowa, da hana amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka ba su. Inda aka yi sulhu na gaske, kamar Laberiya bayan 2003, an ga amfaninsu. A Mali kuwa, masu iƙirarin jihadi ba su cikin yarjejeniyar sulhu ta Aljiyas ta 2015. Wane zaman lafiya za a tsare? Tun a 2000 rahoton Brahimi, na wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi kashedi kan tura dakaru da aikin da ya fi ƙarfin kayansu. Ki nemi Séverine Autesserre ma. Ita a Kwango ta gano cewa rigimar fili da sarautar ƙauye na cikin abin da ke hura wutar, manyan jami'an ƙasashen waje kuma zaɓe kawai suka sa a gaba.

Tsohon soja daga Mabera:
Ɗiyata, kada ki cika takardarki da Turawa ki manta da ECOMOG, dakarun ƙungiyar ECOWAS. Mu muka maido da Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998, kuma da faɗa aka yi, babu wata yarda da aka jira. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ma ya yi aiki a can yana soja. Malaman jami'a su kira abin yadda suka ga dama.

Ɗaliba daga Runjin Sambo:
Na gode, Baba, babi guda zan ware masa. Malam, ke nan irin wannan tsari ba zai yi wa 'yan bindigar Isa da Sabon Birni ba, tunda ba su da shugaba ɗaya da zai sa hannu? Kuma littafin Autesserre, akwai shi a laburare ko sai a intanet?