Rage hannun kwat ɗin yaro mai shafi

Maman Yara: Salamu alaikum teloli. Kwat ɗin gwanjo ce mai shafi daga Babbar Kasuwar Maradi, ta ɗan shekara 6, hannun ya rufe masa yatsu. A yanke ko a naɗe?

Tsohon Tela: Hajiya, kada ki sa almakashi tukuna, yaro kafin hunturun baɗi ya miƙe. Ya saka ta a kan rigar sanyi, ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ki sa alama da alli a wuyan hannu. Farke inda shafin ya haɗu da bakin hannun. In rarar ba ta wuce santimita 5 ba, naɗe ta ciki, ki goge, ki kama ta da zare a kan ɗinkin hannun. In ta wuce, yanke ki bar 4.

Mai Keke: Ƙari a kan maganar Baba, shafin ne ke ɓata aiki. A bar masa sakin santimita 1, ya ɗan kwanta a kan naɗin. In aka ja shi daidai wa daida, da yaro ya miƙa hannu bakin zai tattare ciki. A haɗa ɗinkin shafi da na yadi da allura kafin a ɗinke, in ba haka ba ya murɗe.

Tsohon Tela: Gaskiya ne. Kuma hannu ƙasa ya fi matsewa, don haka naɗin ba zai kai faɗin inda zai kwanta ba. Ɗan buɗe ɗinkin cikin naɗin. Dutsen guga kuwa kada ya yi zafi, shafin leda narkewa yake.